Shekara Biyar Kana Jan Salla, Rana Ɗaya A Ce Tattara: Maganar Bizar Malaman Addini A Amurka

Yau zan ɗan sauka daga kan maganganun da muka saba yi a wannan shafi, in taɓo wani batu da za ka ɗauka bai shafe mu ba, alhali ya shafi 'yan ƙasarmu da dama da iyalansu. Batun shi ne bizar wucin gadi da Amurka ke ba malaman addini: limamai, alarammomi, fastoci, limaman cocin Katolika, sistoci da masu koyar da addini.

Bari in faɗi matsayina tun daga farko don kada in wahalar da ku. Kowace ƙasa tana da haƙƙin tantance wanda zai shigo ya hau mata mumbari, wannan babu ja. Amma ka tantance mutum, ka gamsu da shi, ka bar shi ya yi wa jama'arka hidima shekara biyar, sannan ka ce ya tattara komatsansa saboda layin da kai ka haɗa bai motsa ba, to wannan ya fita daga maganar tsaro, ya zama rashin adalci.

Ku tsaya ku ji yadda abin yake.

Sunan bizar R-1, kuma dokar shige da fice ta 1990 ce ta samar da ita. Mutum ba ya nema wa kansa. Masallaci ne, ko coci, ko wata ƙungiyar addini da ba ta neman riba, za ta shigar da takarda gaban hukumar USCIS ta ce tana buƙatar wane. Dole ya kasance ya yi aƙalla shekara biyu yana cikin wannan addini ko ɗarika kafin a nema masa. Dole aikin ya kai awa 20 a mako. Dole a nuna yadda za a biya shi ko a ɗauki nauyinsa. Kuma dole aikin ya zama na addini ne tsantsa. Mai shara, mai gadi, akawu da mai tara gudummawa ba sa ciki. In an amince, sai a ba shi wata 30, ana iya ƙara masa wasu 30. Jimla wata 60, wato shekara biyar, daga nan an rufe littafi. Matarsa, guda ɗaya da dokarsu ta sani, da 'ya'yansa marasa aure 'yan ƙasa da shekara 21 za su iya binsa da biza mai suna R-2. Yaran za su yi makaranta, amma babu wanda aka yarda ya yi aiki a cikinsu, har uwar.

To me ya sa shekara biyar? Saboda an tsara cewa a cikin wannan lokaci, wurin ibadar da ke son riƙe malaminsa zai nema masa katin zaman dindindin, wanda muka fi sani da girin kad. Ƙofar da malaman addini ke bi ana kiranta EB-4. Kuma shekaru da yawa tsarin ya yi aiki, mutum ya zo, ya yi hidima, kafin wa'adinsa ya cika katinsa ya fito.

Ga inda gizo ke saƙar. Amurka tana ware kimanin kati 140,000 a shekara ga masu shigowa ta hanyar aiki. Rabon EB-4 a ciki kashi 7.1 ne cikin ɗari, bai ma cika 10,000 ba. Sannan wannan ɗan rabon ba na malaman addini kaɗai ba ne. A cikinsa ake ba yaran da kotu ta tabbatar iyayensu sun ci zarafinsu ko sun yi watsi da su, kuma dubban irin waɗannan yara sun fito ne daga El Salbado da Guwatemala da Honduras. A da, 'yan waɗannan ƙasashe uku layinsu daban yake. A watan Maris na 2023 sai Ma'aikatar Harkokin Wajen Amurka ta ce ashe ba haka dokar ke nufi ba, ta haɗe layin wuri guda. A watan Afrilu, takardun da ake dubawa suka koma baya daga na Fabrairun 2022 zuwa na Satumban 2018.

Ka ƙaddara kana layin mai lokacin wahala, saura mota uku a zo kanka, sai manaja ya fito ya ce an haɗe layinku da na wancan titin, yanzu mota dubu ce a gabanka. Kai ba ka yi laifin komai ba, su ma na wancan titin ba su yi ba. Amma litar da ke cikin tanki ba ta ƙaru ba. Ina so a fahimce ni a nan, yaran nan ba su da laifi ko kaɗan, abin tausayi ne su. Laifin na wanda ya zuba marayu da limamai a kwano ɗaya ne, ya ce su yi wawaso. Don ku ga yadda kwanon ya yi kaɗan: shekarar kuɗin Amurka tana farawa ne ranar 1 ga Oktoba, amma kafin ƙarshen Fabrairun 2025 an sanar cewa katunan EB-4 na wannan shekarar sun ƙare ƙaf. Wata biyar kacal.

Abin da ya fi ciwo shi ne, ko hukuma ta duba takardar liman ta amince cewa ya cancanci katin, wannan amincewa ba ta ba shi izinin ci gaba da zama. Sai layi ya zo kansa. In wata 60 suka cika layi bai zo ba, dole ya fita. Kuma ƙa'idar da aka shafe shekaru ana bi kafin 2026 ita ce sai ya shekara guda cur a waje kafin a sake nema masa R-1. Ko da an ɗauke wannan shekarar ta zaman waje, tsugune ba ta ƙare ba, domin dai sai ya fita, a sake shigar da takarda, ya sake bin layin ofishin jakadanci, ba shi da tabbacin za a ba shi.

Yanzu ku kwatanta da injiniyan kwamfuta mai bizar H-1B. Shi ma wa'adinsa shekara shida ne. Amma tun a shekarar 2000 majalisarsu ta yi doka cewa in an amince da takardarsa ta neman girin kad, layi ne kawai ya tsayar da shi, to a ci gaba da sabunta masa zama har katin ya fito. Mai gyara wa kamfani manhaja an yi masa gada. Mai yi wa gawa wanka da sutura an bar shi a bakin kogi. Wallahi wannan bambanci shi ne ya fi tsaya mini a rai, domin yana nuna maganin yana nan, an san shi, an ma taɓa amfani da shi.

Wanda bai san aikin malamin addini ba zai ce, to mene ne? A kawo wani mana. Haba jama'a! Mu dai mun san liman ba jan salla kaɗai yake yi ba. Shi ke ɗaura aure, shi ke raɗa suna, shi ake buga wa waya ƙarfe biyun dare in an yi rasuwa. Shi ke shiga tsakanin miji da mata in rigima ta ƙi ci ta ƙi cinyewa. A can ƙasar waje ma aikin ya fi haka yawa: ziyarar marasa lafiya a asibiti, zuwa gidan yari, koyar da yaran da aka haifa a can karatu ranar Asabar da Lahadi, jan kunnen matashin da ya fara karatun addini a intanet wurin wanda bai san ko waye ba. Haka fasto, haka Rabaran Fada. A ƙauyukan Amurka akwai wuraren da Fada ɗaya ke kula da coci biyu ko uku saboda ƙarancin limamai. Irin wannan aiki da yarda ake yinsa, ita kuwa yarda ba a sayenta a kanti. Sai mutum ya shekara uku ko huɗu kafin jama'a su saki jiki su faɗa masa sirrin gidansu. Daidai lokacin da ya san su suka san shi, lokacin ne agogon biza ke bugawa.

Ga kuma iyalinsa. Matar da aka hana aiki shekara biyar, me ta tara? Yaron da ke tsakiyar sakandare, a cire shi a kai shi ina? Wanda ya cika shekara 21 ana cikin jira, ya fita daga inuwar R-2 ke nan, sai ya nemi tasa hanyar ko ya bar ƙasar. Gaba kura, baya sayaki.

Su kansu Amurkawan ba su yi shiru ba. A watan Agustan 2024, dayosis ɗin Katolika ta Paterson a jihar Niyu Jasi, wato yankin da bishop guda ke kula da shi, ta haɗu da limamanta biyar 'yan ƙasashen waje suka maka gwamnatin tarayya a kotu kan wannan sauyi. A watan Afrilun 2025 kuma sanatoci uku suka gabatar da ƙudurin doka: Tim Kaine na jam'iyyar Dimokurat, da Susan Collins da Jim Risch na Rifablikan. Abin da suka nema bai taka kara ya karya ba. Ba su ce a ƙara yawan katin ba. Cewa suka yi wanda aka riga aka amince da takardarsa, a bar shi ya ci gaba da aikinsa har a yanke hukunci a kansa. Ku lura fa, 'yan jam'iyyu biyu da ba sa ga maciji ne suka haɗu a kan wannan. Mu 'yan siyasa akwai darasi a nan, amma wannan maganar wata rana ce.

Na san wani zai ce, Malam, ai ƙasarsu ce, kuma tun farko an gaya maka wucin gadi ne. Baƙo raɓa ne. Wani kuma zai ce ai mutanenmu ne suka ɓata abin da ƙarya. Ba zan kauce wa wannan magana ba, domin akwai gaskiya a cikinta. Binciken da hukumar USCIS ta yi a tsakiyar shekarun 2000 ya gano cewa kusan kashi ɗaya cikin uku na takardun ma'aikatan addini da ta ɗauko ta duba akwai algus a ciki: cocin da babu shi sai a takarda, adireshin da ka je ka tarar ba wurin ibada ba ne. Shi ya sa a 2008 aka tsaurara ƙa'ida, aka ce sai an shigar da takarda an amince kafin mutum ya je neman biza, aka kuma ba jami'ai damar zuwa su ga wurin da idonsu. Ni ina goyon bayan wannan ɗari bisa ɗari.

Mu 'yan Arewa ba ma buƙatar a yi mana lacca kan hatsarin barin mai wa'azi ya shigo babu mai tambayarsa. Muhammadu Marwa Maitatsine daga Kamaru ya zo. An kore shi daga Kano a farkon shekarun 1960, ya sulale ya dawo, kuma kowa ya san abin da ya faru a Disambar 1980, rayuka sama da dubu huɗu. Saboda haka duk ƙasar da ta ce sai ta san wanda zai riƙe mata makirufo a wurin ibada, ta yi daidai.

Amma fa tantancewa a bakin ƙofa ake yinta. Waɗanda ke shan wahalar nan su ne waɗanda suka tsallake tantancewar. An duba takardunsu, an ɗauki hoton yatsunsu, an ga wurin aikinsu, an sabunta musu bayan wata 30, sun zauna shekara biyar ba a kama su da komai ba. Maƙaryaci ba ya damuwa da cikar wa'adi, shi da ma ɓacewa zai yi cikin gari. Mai bin doka ne kaɗai zai haɗa jakarsa ya nufi filin jirgi. Dokar da ke hukunta mai gaskiya ta bar mai ha'inci, akwai gyara a cikinta. Maganar "an gaya maka wucin gadi ne" kuwa, ai ita gwamnatin ce ta buɗe ƙofa ta biyu ta ce ga hanyar zama. Mutane suka gina rayuwarsu a kan wannan, sannan aka sauya lissafi ana tsakiyar tafiya.

Ba Amurka kaɗai ba ce. A Birtaniya, a watan Janairun 2019, an hana masu wa'azi da jagorantar ibada amfani da bizar ma'aikatan addini ta gajeren lokaci, aka ce su koma ta ministan addini, wadda sai an nuna ƙwarewa a Turanci kuma kuɗinta ya ninka fiye da sau biyu. Cocin Katolika a can sun koka sosai, domin limaman da ke zuwa daga Afirka da Indiya na 'yan makonni su riƙe wa wasu coci lokacin hutu ne abin ya fi bugawa. Ka ga dai salon ɗaya ne, ana rubuta ƙa'ida a ofis ba tare da an tambayi yadda wurin ibada ke gudana ba.

To ina ruwanmu? Ruwanmu a ciki dumu-dumu. Najeriya tana cikin ƙasashen da ke tura malaman addini Amurka. Ƙungiyar 'yan mishan ta Saint Paul, wadda Kadinal Dominic Ekandem ya kafa a 1977, tana da limamai a coci-cocin Amurka. Cocin Redeemed tana da rassa birjik a can, da hedikwata a jihar Tekzas. Musulmin Najeriya suna da masallatai a manyan birane irin su Niyu Yok da Hiyustan. A unguwar Bironks akwai masallatan 'yan Afirka ta Yamma, ciki har da masu jin Hausa daga Gana da Nijar. Duk waɗannan wurare suna buƙatar malamin da ya san harshen mutanensa da al'adarsu.

Mu kuma an ƙara mana wani nauyin. Daga ranar 8 ga Yulin 2025, Amurka ta mayar da akasarin bizar wucin gadi da take ba 'yan Najeriya ta zama ta wata uku, shiga ɗaya. A nan mutane da yawa ke ruɗewa. Bizar da ke manne a fasfo izinin isa bakin ƙofa ce kawai. Tsawon zaman da aka ba ka a ciki daban yake. Mai biza ta shiga ɗaya zai iya zama wa'adinsa lafiya lau, amma ranar da mahaifiyarsa ta rasu a Zariya ko Jos ya taho gida, to komawa sai da sabuwar biza. Mutumin da ke yi wa iyayen wasu jana'iza, shi sai ya yi lissafi kafin ya zo ta nasa. Amurka ta ce ramuwa ce daidai da yadda ake yi wa 'yan ƙasarta, fadar shugaban ƙasa ta ce Najeriya ba ta daina ba Amurkawa biza ta shekara biyar ba. Irin wannan taƙaddama a teburi ake warware ta. Sai dai an janye jakadunmu a Satumban 2023, aka shafe sama da shekara biyu ba a naɗa sababbi ba. Wa zai zauna a teburin?

Ga abin da nake ganin ya kamata.

Na farko, Ma'aikatar Harkokin Waje da hukumar NiDCOM mai kula da 'yan Najeriya mazauna ƙetare su san adadin malamanmu da ke cikin wannan hali, Musulmi da Kirista, su sa maganarsu cikin duk tattaunawar biza da Amurka. Sanatocinmu da 'yan majalisar wakilai da ke kwamitocin harkokin waje, ko daga wace jam'iyya suke, aikinsu ne su tambaya. Mu kuma aikinmu ne mu tambaye su in sun zo gida.

Na biyu, Majalisar Ƙoli ta Harkokin Addinin Musulunci, da Jama'atu Nasril Islam, da CAN, su tsara hanyar ba malamai shaidar da za a iya bincikawa a tabbatar. Fada yana da takardar makarantar horar da limamai da ta naɗi. Alarammanmu da ya haddace Alƙur'ani a tsangaya, ya rubuta shi da ka, sau da yawa ba shi da ko fallen takarda ɗaya da Bature zai karanta. Dokar Amurka ta yarda addinin da ba shi da tsarin naɗi irin na coci ya bayyana nasa tsarin da hujja. To wa zai rubuta hujjar in ba mu ba? Ba a fafe gora ranar tafiya. Tunda akwai majalisar NIREC da ta haɗa shugabannin addinan biyu tun 1999, ga aikin da za su yi tare babu gardamar aƙida a ciki.

Na uku, gare ku 'yan uwana matasa. Duk ejan da ya ce ka kawo kuɗi zai mayar da kai fasto ko liman a takarda, ka guje shi. Wanda aka kama ya yi ƙarya don samun biza, dokar Amurka tana iya haramta masa shiga har abada. Kuma ba kanka kaɗai ka cuta ba. Wake ɗaya ke ɓata gari. Kowace takardar bogi da aka kama, malamin gaskiya da ke bayanka a layi shi zai biya kuɗinta da ƙarin tambayoyi da ƙarin jira.

Na huɗu, malamanmu da ke can da kwamitocin da suka ɗauke su, a shigar da takardar neman katin da wuri, domin ranar da aka shigar ita ce lambar mutum a layi. A nemi lauya na gaske. Kuma in wa'adi ya cika, kada a ce bari a ɗan ƙara kwana. Wanda ya wuce kwana 180 ba bisa ƙa'ida ba, in ya fita sai ya shekara uku kafin ya dawo. Wanda ya kai shekara guda, shekara goma ce. Malamin da ke koya wa mutane cika alkawari, shi ya fi cancanta ya fita ta ƙofar da ya shigo.

Ita kuma Amurka, ƙasar da ke fitar da rahoto duk shekara kan 'yancin addini a ƙasashen duniya, har da tamu, ya kamata ta leƙa cikin gidanta. 'Yancin ibada bai tsaya ga barin mutane su gina masallaci ko coci ba. Ya haɗa da barinsu su riƙe wanda suka zaɓa ya ja su salla ko ya jagorance su addu'a, muddin ya bi doka. Wanda kuka tantance kuka amince da shi, ku bar shi a bakin aikinsa har ku gama lissafinku. Abin da kuka yi wa injiniya tun shekarar 2000 ke nan, ba wani sabon abu ake roƙo ba.

Duk wanda yake da ɗan uwa ko malami da ke shirin irin wannan tafiya, ya tura masa wannan rubutu ya karanta kafin ya sayar da gonarsa. Allah Ya tsare mana mutuncin malamanmu a gida da waje, Ya ba shugabanninmu ikon tsaya wa talakansu a duk inda suke. Amin.